Zayyadu Kuku da Jadon Jabu

Zayyadu haihuwar Arlit ne, amma in ya buɗe baki sai ka rantse jiya ya sauka daga Tawa. Ubansa ya baro ƙasar Adar tun ana haƙa ramin iraniyom na farko, ya yi lebura har ƙirji ya ci shi. A unguwar bukkoki suka zauna, can bayan katangar ma'aikata, inda ake yin ɗaki da kwali da fasassun ganguna. Ta cikin katanga akwai ciyawa kore da famfo. Ta waje kuwa sai jarka da layi.

Yana saurayi ya samu shiga cikin katangar, ya zama boyin wani injiniya Bature. Matar gidan ce ta koya masa girki irin nasu, shi kuma ya riga ya iya na uwarsa. Da Baturen ya koma ƙasarsu, Zayyadu ya fito da sana'a a hannu da suna a baki: Kuku.

Lokacin nan tawayen farko na Abzinawa ya kwanta, 'yan yawon buɗe ido sun fara komowa. Wani mutum mai suna Muktari, mai motoci kat-kat biyu, masu ratsa rairayi, a Agadas, yana neman wanda zai riƙa dafa wa baƙinsa a cikin sahara. Muktari gajere ne mai faɗin fuska, da dariya a kusa, kuma bai taɓa sa ƙafa a cikin hamadar Tenere ba. Shi nasa ya tarbi baƙi a filin jirgi, ya raka su bakin gari, ya ɗaga musu hannu. Wanda ke jan tafiya shi ne Ghissa, wani dattijo Ba'abzine daga Iferwan, wanda ya yi ayarin gishiri tun raƙuma ne motocin ƙasar. Ghissa ba ya son surutu. Yana duban launin rairayi ya ce wa direba ya karkata hagu, kuma hagun ce.

A tafiyarsa ta farko Zayyadu ya ga Jado. Sun ƙetare duwatsun Abzin, sun ratsa Tenere har ido ya gaji da rashin abin gani, sai ga dabinai, sai ga wani dutse a tsakiyarsu da gari a kansa. Gari sosai, ɗaki bisa ɗaki, soro bisa soro, an gina shi da dutse da laka mai gishiri, ya haɗe da dutsen har ba ka rarrabe aikin Allah da aikin mutum. Ba kowa ciki. Daga nesa kamar gidan gara, in ka matso kuma sai ka ga lunguna da matakala da ƙananan tagogi na leƙen abokan gaba. A gindinsa akwai tafkuna masu koren ruwa, da sauro wanda ba ya jiran magariba.

Zayyadu ya manta da albasar da ke hannunsa. Ya ce, "Baba Ghissa, su wa suka yi wannan?"

Ghissa ya ce, "Barebari sun ce mutanen Sau, wasu ƙattai na zamanin da. Tubawa sun ce wani abu dabam. Nasara kuma kowane ya zo da littafinsa. Ni ban gani ba."

"To mi ya kore su?"

"Wasu sun ce mahara, wasu sun ce sauro. Ka kwana nan, da safe ka gaya mini wanda ka yarda da shi."

Haka Ghissa yake ba da tarihi. Abin da ya ji ya ce ya ji, abin da bai sani ba ya ce bai sani ba. Yakan hau da baƙi har ƙololuwa, ya nuna musu rumbunan dabino, da hanyar da ayari ke bi zuwa Fezzan ta ƙasar Libiya, da wani ɗan ɗaki mai lungu a bangon gabas wanda ya ce masallaci ne. Ɗakin yana da ƙyaure na itacen dabino, gajere, an ɗaure allunansa da fata, a tsakiya an ƙona wani zane kamar tafin hannu. Nan Zayyadu yake yin azahar duk zuwan da suka yi, ya sunkuya ya tura ƙyauren ya shiga, ya fito ya mayar da shi yadda ya same shi.

Abu guda Ghissa ba ya ɗauka da wasa, shi ne a ɗauki wani abu. Wata rana wata Baturiya ta tsinci guntun tukunya mai zane ta jefa a jaka. Sun yi nisa da garin kafin Ghissa ya gane. Ya sa aka tsayar da mota, ya sauka, ya zauna a ƙasa ya hura gawayin shayi. Ya ce da Hausarsa ta Abzinawa, wadda ba ta raba mace da namiji, "Matar nan shi mayar da abin mutane, in ba haka ba nan za mu zauna." Aka yi ta lallashi, ya ƙi. Sai da aka juya.

Shekaru fiye da goma Zayyadu yana wannan hanya duk sanyi. Ya iya toya gurasa a cikin rairayi mai zafi, ya iya tsare tumatir har ƙarshen tafiya bai ruɓe ba. A ciki ya auri Sa'a, 'yar Damagaram mai toya masa a kasuwar Arlit, ya gina ɗaki biyu na bulo, ya bar kwali.

Sai shekarar dubu biyu da bakwai ta zo da tawaye na biyu. Aka fara da hari a Iferwan, daga nan nakiyoyi suka cika hanyoyi. Mota ta taka ta tashi, ba ta tambayar soja ne ciki ko mai kai gero. Baƙi suka ɗauke ƙafa kamar an share su da tsintsiya. Muktari ya kulle ofishinsa na Agadas. Zayyadu ya dawo gida ya zauna, kaskon masar Sa'a ne ke riƙe da su.

Abin mamaki, a daidai lokacin da ƙauyukan Abzin ke watsewa, Arlit cika take yi. Kuɗin iraniyom ya tashi a duniya, kamfanoni na zuwa daga ƙasashen da Zayyadu bai taɓa jin sunansu ba, kowane da takardar izinin bincike da fararen motoci da rakiyar bindiga. Hayar ɗaki ta ninka. 'Yan gudun hijira na kwana a gindin bango, fararen motoci na wucewa suna watsa musu ƙasa.

Rannan sai ga Muktari a ƙofar gidansu, ya ƙara ƙiba, yana ƙamshin turare. Ya ce, "Kuku, tashi, arziki ya biyo mu har gida. Baƙi ba su iya zuwa Jado, ko? To Jado za ta zo musu."

Ya kai shi bakin gari ta hanyar Akokan, garin da ke maƙwabtaka da Arlit. Nan ya sayi fili, magina na ta aiki. Sun jera bulon siminti sun shafe shi da jar laka, sun yi 'yan soraye masu tsini da tagogin ƙarya waɗanda ba su huda bango ba. A bisa ƙofa an rubuta Birnin Jado da fenti mai ruwan zinariya. A ciki akwai wurin cin abinci, da kanta ta giya, da injin sanyaya ɗaki yana gurnani.

Zayyadu ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce, "Alhaji, wagga ai ba ta yi kama da Jado ba ko kaɗan."

Muktari ya yi dariya. "Wa ya sani? Cikin masu zuwa nan ba wanda ya taɓa ganinta. Ni kaina ban gan ta ba."

Aikin girki ne aka ce, shi ya sa ya karɓa. Amma ranar Lahadin farko, da manyan kamfanoni suka cika wurin don abincin rana, Muktari ya shigo kicin da baƙin rawani da babbar riga shuɗiya da takobi na gwangwani.

"Sa waɗannan, ka fita ka ba su tarihi. Kai ka iya Faransanci, kuma ka je can."

"Alhaji, ni Ba'adare ne. Rawanin Abzinawa fa?"

"Rufe fuska kawai. Daga yau sunanka Almustafa, jikan sarkin Jado na ƙarshe."

Ya fita, ƙafafunsa na harɗewa da rigar. Ya faɗi abin da ya ji daga Ghissa: wasu sun ce kaza, wasu sun ce kaza, ba wanda ya tabbata. Baƙi suka ci gaba da yankan nama. Da aka watse Muktari ya kira shi, fuska ba annuri.

"Wannan tarihi ne ko shaidar kotu? 'Ba a sani ba, ba a sani ba.' Mutum ya biya kuɗi don a ce masa ba a sani ba? Ka sa sarauniya. Ka sa zinariya da aka binne. Ka sa yaƙi, a kashe mutane da yawa."

Zayyadu ya koma gida ya gaya wa Sa'a. Ta daɗe tana juya ƙullu kafin ta ce, "Maigida, ƙarya dai ƙarya ce. Amma buhun geron nan da kake gani, shi ne na ƙarshe."

Lahadi ta gaba ya sa sarauniya. Ya ba ta suna, ya ba ta dogon gashi da barade, ya sa ta faɗo daga soro don kada a kama ta. Aka tafa masa. Wani jan mutum da wuyansa ya ƙone da rana ya rungume shi, ya danƙa masa kwalbar giya a hannu, ya ce a ɗauke su hoto. Zayyadu ya riƙe kwalbar da yatsu biyu kamar mushen ɓera. Da ya koma kicin ya wanke hannu har gwiwa, amma warin da yake ji ba a hannu yake ba. Kowane mako labarin na ƙara ƙiba. Har ya kai in yana faɗi yakan ji muryarsa kamar ta mai tallar maganin basir a tasha.

Haka ya daure watanni. Wata safiya yana yanka kabeji wani kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya a bayan gida, irin na masu fasa-ƙwaurin taba zuwa Libiya, duk jikinsa tsohuwar ƙura. Muktari ya ce kowa ya fito a sauke kaya. Buhuna ne da akwatuna. Aka zazzage na farko, sai duwatsun niƙa da suka lotsa saboda tsufa. Na biyu guntayen tukwane da tsakiyoyin ado na wuya da kibiyoyin dutse. Na uku da aka kwance, wani abu ya gangaro ya bugi ƙafar Zayyadu. Ƙoƙon kan mutum ne, ruwan ƙasa, da sauran haƙora a muƙamuƙin sama, rairayi na zuba daga ramin idonsa.

Lebura guda ya yi salati ya ja da baya. Muktari ya ɗauki ƙoƙon ya hure shi, ya ce, "Ga sarauniyarka ta iso, Kuku."

Daga ƙarshe aka sauko da wani abu mai faɗi nannaɗe da tabarma. Tun kafin a gama warwarewa Zayyadu ya gane ɗaurin fatar. Ƙyauren masallacin ne, da tafin hannunsa a tsakiya. An ɓamɓare shi da ƙarfe, gefe guda ya tsage.

Ya koma kicin. Kafin Lahadi an jera kayan a kan kantoci, kowane da farashi a manne. Ƙoƙon kan aka ɗora shi tsakanin kwalabe a bayan kanta, wani cikin masu sayar da giya ya sa masa hular kwano ta 'yan haƙar ma'adinai, ya soka masa taba a haƙori. Ƙyauren kuwa an gwada shi a babbar ƙofa ya yi gajere, an gwada a ɗakin ajiya faɗinsa bai kai ba. Sai kafinta ya ce akwai wuri guda da zai zauna daidai.

Zayyadu ya zagaya bayan gida da bokitin shara, ya gan shi. An kafa shi a ƙofar masai. An huda tafin hannun an sa sakata, a sama an manna hoton ɗan mutum mai nuna na maza ne. Yana tsaye wani baƙo ya fito yana gyara wando, ya tura ƙyauren da ƙafa ya wuce. Zayyadu ya durƙusa jikin bango ya amayar da kokon da ya sha.

Ya sami Muktari a ofis yana waya. Ya jira ya gama.

"Alhaji, ƙyauren da ke masai na masallaci ne. Na yi salla a bayansa ba sau ɗaya ba."

"Masallacin da ba liman ba ladan? Kango ne, Kuku. Gara ke cinsa. Ni na cece shi."

"Kan da ke bayan kanta fa? Ɗan Adam ne. Yana da uwa."

"Ya fi shekara ɗari nawa da mutuwa? Kai ka san ko kafiri ne?"

"Ko mine ne, ba a sa mishi taba a baki."

Muktari ya jingina da kujera. "Ka ga, kada ka yi mini wa'azi. Duk Lahadi kana tsaye da rawanin aro kana shara wa mutane ƙarya, kana karɓar albashi. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Yau ne tsoron Allah ya kama ka?"

Maganar ta same shi inda ba fata. Ya juya ya fita.

Mutum guda ya faɗo masa a rai. Ya ji labarin Ghissa ya baro Iferwan da iyalinsa yana Akokan, sai ya hau motar haya ya tafi. Ya same shi a wani fili bayan kasuwa, cikin rumfar tabarmi da leda, mata da jikoki cike, ba akuya ko ɗaya. Dattijon ya rame har rawani ya yi masa yawa. Suka gaisa, Ghissa ya sa aka kawo ruwa, ya ba da haƙuri cewa ba ganyen shayi.

Zayyadu ya zayyana masa komai, tun daga kamiyo har masai. Yana jira tsohon ya miƙe, ya tsine, su tafi tare su ci mutuncin Muktari. Ghissa bai ɗago ba. Yana ta jan layi a ƙasa da ɗan yatsa.

Can ya ce, "Hanyar Dirku akwai soja, hanyar Abzin akwai nakiya. Direbobin nan ba su san ta tsakiya ba. Kana tsammani wa ya kai su?"

Zayyadu ya dube shi.

"Raƙumana sun mutu a rijiya, garkata, lambun da nake ci da shi, ta ƙone. Yarinyar can da kake gani, uwarsa ya rasu a hanya. Muktari ya aiko da shinkafa da mai. Ya ce hanya kawai zan nuna." Ya share layin da tafin hannu. "Ban taɓa komai da hannuna ba. Na zauna cikin mota na rufe fuska, ina jin ƙarar ƙarfe."

"Baba Ghissa, kai da ka tsai da mu cikin rana saboda guntun tukunya?"

"Lokacin ina da raƙuma," in ji Ghissa.

Zayyadu ya so ya tofar da yawu, ya rasa inda zai tofa, don ko'ina ya duba yaro ne zaune yana kallonsa. Ya tashi bai sha ruwan ba.

Washegari da hantsi, kafin masu giya su zo, ya shiga bayan kanta. Ya cire hular kwanon, ya zare tabar, ya wanke ƙoƙon da ruwa mai tsabta, ya naɗe shi cikin sabon farin ƙyalle da ya karɓo wurin Sa'a. Ya ninke rawani da riga ya ajiye a kan kanta, ya ɗora takobin gwangwani a sama. Ya je ga ƙyauren da abin kwance ƙusa, sai ya tarar kafinta ya kama shi da siminti, ba ya fita sai an farfasa shi. Ya tsaya kaɗan, ya bar shi.

Limamin unguwarsu ya saurare shi, ya ce ba za a yi wa ƙashin salla ba tunda ba a san addininsa ba, amma suturta ɗan Adam wajibi ne. Suka fita bayan maƙabarta su biyu, Zayyadu ya haƙa rami da kansa, ya sa shi, ya jera duwatsu don kada karnuka su tone.

Muktari bai kai ƙara ba, don ba ya son a tambaye shi inda ya samo kayan. Abin da ya yi shi ne ya bi duk masu ɗaukar kuku a garin ya gaya musu Zayyadu ɓarawo ne, yana kuma da taɓin hankali. Ƙofofi suka rufe. Kafin wata ya ƙare wani lebura ya gaya masa an kawo sabon ƙoƙo, wanda ya fi na da haƙora, an kuma samu wani saurayi ɗan Maraɗi ya zama Almustafa.

Sa'a ba ta yi masa gori ba. Ta sayar da gadonta na ƙarfe, suka sayi tebur da benci da manyan butoci, ya kafa shayi da burodi da wainar ƙwai a bakin tashar 'yan Agadas. Mutumin da ya ciyar da Turawa a tsakiyar Tenere ya koma yana jayayya da 'yan kamasho a kan cokalin sukari.

Tawaye ya ƙare, aka ajiye bindigogi, 'yan yawon buɗe ido dai ba su dawo ba. Birnin Jado na Muktari ya ƙara soro biyu. Har taro aka gayyace shi a babban birni kan kare kayan tarihi, ya dawo da takardar yabo ya rataya. Ranar da Zayyadu ya ji a rediyon tebur, tsaki ya yi mai tsawo, ya murɗa tasha.

Ghissa ya kwanta ciwo a Akokan. Zayyadu bai je dubiya ba, amma ya san Sa'a na aika kwanon tuwo da direban motar haya, bai kuma hana ba. Da tsohon ya rasu ya rufe tebur, ya je jana'iza, ya kama makara har kabari.

Bayan wasu shekaru aka ce an ga zinariya a ƙasar Jado. Samarin Arlit suka haukace, kowa na sayar da babur yana sayen injin neman ƙarfe. Wasu daga cikinsu suka ji cewa mai shayin tasha ya san wurin, suka zo suka cika bencinsa. Babbansu, wani Isma'ila, ya ce, "Baba Kuku, an ce ka je can ya fi a ƙirga. Ka raka mu, kasonka daidai da na mai mota."

Zayyadu ya fasa ƙwai a kofi yana kaɗawa. "Ni tukunya nike kallo, ɗana, ba hanya ba. Ban san ta ba."

"Ko kwatance ne ka yi muna."

"Da albasa za a soya muku, ko babu?"

Suka ci, suka biya, suka tafi neman wani.